Aikin nesa da aikin ido da ido: wa zai koya wa sababbin ma'aikata?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. Ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin masu ɗaukar ma'aikata tun bayan annobar korona. Wasu shugabanni sun kafe sai kowa ya dawo ofis daga Litinin zuwa Juma'a, don a ganinsu wanda ba a gani a kan kujera ba aiki yake yi ba. Wasu kuma, galibi matasa masu sababbin kamfanoni, cewa suke yi hayar ofis asarar kuɗi ce, tunda da waya da kwamfuta sai a haɗa mutum goma daga jiha goma su yi aiki ɗaya. Ni na ja ragamar ma'aikata ta hanyoyin biyu, na ci moriyar kowacce, kowacce kuma ta taɓa ƙona ni, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ina aiki ne da wani kamfani da ke ba ƙananan manoma rancen iri da taki a farkon damina, idan kaka ta yi su biya da masara ko waken soya, mu kuma mu sayi rarar. Shekarata goma sha bakwai a wannan harka. Mutum goma sha ɗaya ne a ƙarƙashina, uku muna tare a Kano, sauran suna Zariya da Saminaka da Funtuwa da Gusau da Gombe. Kafin 2020, ƙarshen kowane wata kowa sai ya zo Kano, mu kwana biyu tare, mu duba lissafi, mu ci tuwo a faranti ɗaya, sannan a watse.

A tsakiyar Afrilun 2020 aka sa dokar kulle a Kano, daidai lokacin da muke tsaka da rajistar manoma da shirin raba taki. An bar motocin abinci da na kayan noma suna wucewa, amma mu ma'aikata kowa ya tsaya inda dokar ta same shi. Damina kuwa ba ta jiran kowa. Dole muka koma Zoom da WhatsApp. Ba mu kaɗai ba ne: kamfanin Zoom da kansa ya ce masu shiga taro ta manhajarsa a kowace rana sun tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020, kuma a watan Mayu hatta Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta intanet ta yi zamanta. Azumi ya same mu a cikin kullen, sai muka mayar da taronmu bayan sallar asuba, lokacin da sabis ya fi ƙarfi kuma yara ba su tashi ba. Wallahi takin nan ya isa hannun manoma a kan kari. Ban taɓa ganin mun yi aiki da sauri irin na wannan shekarar ba, har na fara cewa a raina ashe duk wahalar hanyar da muke sha ta banza ce.

Sai daga baya na gane dalilin da ya sa abin ya yiwu. Mun san juna ne tun kafin a raba mu. Na san mutuminmu na Funtuwa idan ya yi saurin cewa "ba damuwa, ranka ya daɗe", to akwai damuwa, sai in kira shi shi kaɗai bayan taro. Na san na Gombe ba ya faɗar adadi sai ya ƙirga sau biyu, don haka idan ya yi jinkirin amsa ba lalaci ba ne. Duk wannan sani ba a waya na same shi ba. A cikin mota na same shi, a kan hanyar ƙauye, da wajen suna da zaman makoki. Amanar da muka tara shekara da shekaru muna ganin juna ita muka riƙa ci a lokacin kulle, kamar mai cin hatsin rumbu. Kuskurena shi ne ban lura cewa ci kawai muke yi ba ma zubawa ba.

Kafin in zo kan wannan, bari in ba aikin nesa haƙƙinsa, don yana da haƙƙi babba, kuma masu cewa kowa ya dawo ofis sukan manta da shi. Na farko dai rai. Duk wanda ya san hanyar Funtuwa zuwa Gusau a 'yan shekarun nan ya san abin da nake nufi. Bayan harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara ɗora wa ɗan wani hanya saboda taron da waya za ta iya ɗauka ba. Sai kuma aljihu. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Gwamnatocin Edo da Kwara ma a lokacin sun sanar da rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. Ƙaramin ma'aikacin da zai hau adaidaita biyu kafin ya iso ofis, ya kuma hau biyu ya koma, don kawai ya shigar da lissafin da zai iya shigarwa daga ɗakinsa, an zalunce shi.

Akwai kuma akantarmu, mace ce mai 'ya'ya uku. Da ta yi haihuwar ƙarshe ta zo min da takardar ajiye aiki, tana hawaye, don babu mai riƙe mata jariri kuma daga gidanta zuwa ofis tafiya ce mai nisa. Muka ce ta zauna a gida ta riƙa zuwa sau ɗaya a mako. Yau shekara uku ke nan, ko kwabo bai taɓa ɓata a littafinta ba. Wani abin da ban yi tsammani ba, a da idan muna zaune a ɗakin taro, ita kaɗai mace a cikin maza, da ƙyar take buɗe baki. Da aka koma rubutu a zauren WhatsApp sai ga shi ita ce ta fi kowa kama kuskure, har da nawa. Rubutu ya ba ta muryar da zaman ɗaki ya hana ta. Ya kuma kashe mana gardamar "ai ba haka na ce ba", tunda magana tana nan a ajiye da ranarta da lokacinta.

Masu bincike ma sun ga irin haka. Wani malamin jami'ar Stanford a Amurka, Nicholas Bloom, ya yi gwaji da wani kamfanin tafiye-tafiye na ƙasar Sin mai suna Ctrip. Aka raba masu amsa waya kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu a gida wasu a ofis, tsawon wata tara. Na gida suka fi na ofis yawan aiki da kashi 13 cikin 100, masu ajiye aiki a cikinsu kuma suka ragu da rabi. Masu goyon bayan aikin gida nan suke tsayawa da labarin. Amma yana da ci gaba. An fi jinkirta wa na gidan ƙarin girma duk da ƙoƙarinsu, kuma da aka gama gwajin aka ba kowa zaɓi, kusan rabinsu suka ce a mayar da su ofis, kaɗaici ya ishe su. Sannan a lura, amsa waya aiki ne da mutum ke yi shi kaɗai, kuma duk ƙwararru ne da suka riga suka iya aikin.

To ga inda ni abin ya ƙona ni. A 2021 muka ɗauki wani yaro da ya karanta aikin gona, mai ƙwaƙwalwa da ladabi. Ta waya muka yi masa tambayoyi, ta waya muka ba shi aiki, muka tura shi yankin Saminaka. Wata bakwai ban sa shi a ido ba. Kullum yana cikin taro, rahotonsa ba ya latti, duk abin da aka faɗa sai ya ce "to, na gane". Da kaka ta yi ya karɓi masara ya zuba a sito. Bayan 'yan makonni da aka buɗe, buhu sittin da wani abu sun yi funfuna. Masara ba ta ajiyuwa sai danshinta ya sauko wajen kashi 13 cikin 100, in ba haka ba sai ta yi zafi a cikin buhu ta ruɓe, har ta iya haifar da gubar da ake kira afulatoksin, wadda in ta shiga masara ba a ba mutum ita, kaza ma ba a ba ta. Yaron ya san wannan sarai, ya karanta a makaranta. Abin da bai sani ba shi ne mai kawo kaya yakan sa busasshiya a bakin buhu, ɗanya a ƙasa. Na'urar auna danshin da muka aika masa kuwa ta lalace tun makon farko, ya ji nauyin faɗa, yana tsoron kada a ce sabon zuwa ya fara ɓata kaya.

Da na je na same shi ban iya yi masa faɗa ba, don laifin nawa ne. Ni wa ya koya min? Wani dattijo ne mai kula da sito, Allah ya jiƙansa, wanda ko sau ɗaya bai taɓa zaunar da ni ya ce yau darasi za mu yi ba. Ina zaune a benci kusa da shi ne kawai ina kallo. Na ga yadda yake soka ƙarfe a gindin buhu ya ɗebo hatsi, ba a baki ba. Na ga yana jefa ƙwaya a baki ya ciza, in ta fashe da ƙara ya gyaɗa kai, in ta lotsa ya ce a mayar a shanya. Na ga yana zuba masara da busasshen gishiri a kwalba ya girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar ya san da sauran ruwa. Na ga yadda yake mayar wa manomi kaya ba tare da ya kunyata shi a gaban jama'a ba, sai ya ja shi gefe ya ce "Malam, a ƙara mata kwana biyu a rana, kuɗinka na nan". Ba wanda zai tuna ya rubuta waɗannan a cikin takardar aiki, don wanda ya iya su ma bai san ilimi ba ne. Da ido ake ɗaukarsu, kuma na hana yaron nan idon.

Akwai kuma kunya, wadda masu kawo mana tsarin aiki daga waje ba sa sa ta a lissafi. Yaron da aka tarbiyyantar a gidan Bahaushe ba zai katse manya goma a tsakiyar taro ya ce "ban gane ba, a maimaita". A ofis ma ba zai yi ba. Amma a ofis yana da wata ƙofa: zai bi ka a hanyar masallaci bayan azahar, ko ya same ka wajen mai shayi, ya sunkuyar da kai ya ce "Yallaɓai, wannan abin da ka faɗa ɗazu..." Kai ma kafin ya yi magana ka riga ka gani a fuskarsa, tunda labarin zuciya a tambayi fuska. A Zoom fuskar ma babu, don kowa ya kashe kyamara saboda tsimin data, kuma da an ce an tashi sai kowa ya ɓace lokaci guda. Ba hanyar masallaci, ba mai shayi. Kamfanin Microsoft ya bibiyi ma'aikatansa sama da 61,000 a Amurka a farkon annobar, sakamakon ya fito a 2021, ya nuna da aka koma gida kowa ya ƙara manne wa 'yan sashensa da ya riga ya sani, hulɗa da sauran sassa ta ragu. In haka ta faru ga masu wuta da intanet ba yankewa, ina ga sabon yaro a Saminaka wanda bai san kowa ba tun farko?

Maganar wuta da sabis ma ba ƙarama ba ce a wajenmu. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mutuminmu na Gusau sai ya shiga mota ya zo Funtuwa kafin ya kira ni, da aka rufe na Funtuwa ma sai Zariya. Muka koma rubuta takarda a ba direba a tasha, kamar zamanin iyayenmu. A Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna ma suka rikice. A Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta yi kwanaki a cikin duhu, daidai lokacin kaka, ma'aikatana suna bin layi wajen masu cajin waya kafin su turo min adadin buhu. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda wasu kamfanoni ke murnar sun huta da hayar ofis da man janareto, alhali ba ɓacewa kuɗin ya yi ba, kan ma'aikaci aka juye shi. Shi zai sayi data, shi zai nemi caji, ɗakin matarsa ya zama ofis, kuma tunda waya na hannunsa sai a kira shi ƙarfe goma na dare. Wannan ba adalci ba ne, kuma ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su sa baki.

Wani lokaci nakan yi mamakin yadda muke ɗaukar aikin nesa kamar Turawa ne suka kawo mana shi. Kakanninmu fatake sun yi cinikin goro tsakanin Kano da Gwanja, tafiyar watanni, ba waya ba banki. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da wakilai a garuruwa daban-daban ya gina dukiyarsa. A Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, masu gida, wato masu saukar da fatake, sun daɗe suna karɓar shanu daga Arewa suna tura goro, akasari bisa bashi da magana kawai. Amma a duba wa ake turawa nesa. Yaron gida ne, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar kaya, yana zama a bakin rumfa, maigida ya ga hannunsa a kan kuɗi ya ga halinsa a cikin fushi, sannan a ce ya tafi ya riƙe wani gari. Yau ma ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke odar kaya daga Guangzhou ko Dubai ta WhatsApp, yawanci sai da ya taka ya je ya ga mutumin da masana'antar tukuna. Zuwa da kai ya fi saƙo, ko da sau ɗaya ne. Mu ne muka juya tsarin, muka fara tura yaro nesa kafin mu san shi.

Kada masu son ofis su ɗauka na ba su gaskiya duka. Na san ofisoshin da ake sa hannu a rajista da safe a ɓace, da waɗanda mutum shida za su wuni suna jiran oga ya dawo daga ɗaurin aure kafin a sa hannu a takarda ɗaya. Zama wuri ɗaya yana haifar da gulma da ɓangaranci, kuma yakan sa shugaba ya fifita mai yawan gaishe shi a kan mai yawan aiki. Ni kaina na kama kaina ina shirin ba wani na Kano ƙarin girma a kan na Gombe, da na zauna na duba alƙaluma sai na ga na Gomben ya fi shi nesa ba kusa ba, kawai dai ba na ganinsa ne kullum. Mafi muni kuma shi ne taron da rabi ke ɗaki ɗaya rabi ke kan waya. Na ɗakin suna dariya, na waya suna "ba ma ji, a matso da wayar", da an kashe kiran kuma sai na ɗakin su ci gaba da magana, a nan ne ake yanke ainihin shawara. Mun yi haka wajen shekara guda kafin mutuminmu na Zariya ya gaya min gaskiya cewa su sun zama 'yan kallo.

Ga yadda muke yi yanzu, ko wani zai amfana. Sabon ma'aikaci ba ya zama shi kaɗai sai ya yi wata uku a gefen tsohon hannu, kuma dole watannin su haɗa da lokacin karɓar kaya. Muna haɗuwa gaba ɗaya sau biyu a shekara, kafin damina da bayan kaka, kwana uku uku, a garin da hanyarsa ta fi aminci ga mafi yawanmu, ba dole Kano ba. Idan taron waya ne, mu na Kano ma kowa da wayarsa yake shiga, kuma abin da ba a rubuta a zaure ba kafin magariba ba a yanke shi ba. Kamfani ke biyan data, mun kuma saya wa na ƙauye ƙaramar sola. Bayan isha'i ba a kiran kowa sai in gobara ce ko sata. Faɗa da gyaran kuskure ba a yin su a zaure, sai dai in kira mutum shi kaɗai, in abin babba ne in je. Ta'aziyya kuwa da ƙafa ake yin ta matuƙar hanya ta yarda. Na ji daɗi da na ga wannan malamin na Stanford ya sake wani gwaji a kamfanin nan na Sin da ma'aikata 1,612, aka buga a 2024, inda masu yin kwana biyu a gida uku a ofis ba su gaza na ofis a aiki ko ƙarin girma ba, masu ajiye aiki kuma suka ragu da kashi ɗaya cikin uku. Amma ba na cewa kowa ya kwafi kwana biyu da uku. Aikinmu da damina da kaka yake tafiya, na wani da zangon karatu, na wani da ƙarshen wata.

Yaron nan na Saminaka yana nan tare da mu. Bayan abin da ya faru na dawo da shi Kano ya yi kaka guda a sito, yana bin mu kasuwar Dawanau, kafin ya koma. Bana shi muka ba sabuwar ma'aikaciyar da muka ɗauka ta zauna a gefensa, kuma da na kai musu ziyara na tarar yana nuna mata yadda ake ɗebo hatsi daga gindin buhu.

Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilanka su zanta da matasan da suka fara aiki daga 2020 zuwa yau, a bankuna da ƙungiyoyin agaji da kamfanonin sadarwa da gidajen jarida irin naku. A tambaye su sau nawa suka taɓa zama da wanda ke shugabantarsu, wa suke tambaya idan abu ya shige musu duhu, kuma wa ke biyan kuɗin datar da suke aiki da ita. Ina so in karanta amsarsu da bakinsu.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka mai karatu a kullum,
daga Kano